Gumi ko Gwaninta: Abin da Ya Faru da Tampa a Kan Ƙanƙara

Ranar 10 ga Afrilun 2019, da aka tashi turmin farko a birnin Tampa na jihar Florida ta Amurka, masu gida na da ci uku, baƙi ko ɗaya babu. Kowa ya ɗauka magana ta ƙare, kuma da hujja. Tampa Bay Lightning ta gama kakar wasan hokin ƙanƙara ta shekarar da nasara 62 cikin wasa 82, adadin da kafin ita Detroit ce kaɗai ta taɓa kaiwa, a kakar 1995 zuwa 1996. Makinta 128. Columbus Blue Jackets, wadda ta shigo zagayen fitar da gwani a kujerar ƙarshe, makinta 98, kuma tun da ta fara buga gasar NHL a 2000 ba ta taɓa tsallake ko zagaye guda ba. Sau uku suka haɗu a cikin kakar, sau uku Tampa ta lallasa ta, jimillar ci 17 da 3.

Kwana shida bayan haka Tampa ta tattara kayanta. Columbus ta farke ukun nan ta ƙara ɗaya a daren farko, sannan ta ci wasa uku na gaba a jere: 5 da 1, 3 da 1, 7 da 3. Tun daga ranar masu bin wasan suka rabu gida biyu, kuma har yau in aka tayar da zancen sai muryoyi sun ɗaga. Wasu na cewa zuciya ce ta kayar da baiwa. Wasu na cewa wannan tatsuniya ce da ake yi wa yara don su tashi atisaye da asuba.

Ga wanda bai saba da wasan ba, ga yadda yake a taƙaice. Mutum shida-shida ne a kan ƙanƙara, har da mai tsaron raga, kowa da takalmi mai ƙarfe a ƙasa kamar wuƙa da sanda mai lanƙwasa. Abin da ake bi ba ƙwallo ba ne, wani baƙin faifan roba ne mai nauyin kusan giram 170, wanda ake daskarar da shi kafin wasa, kuma bugu mai ƙarfi kan aika shi da gudun kilomita 160 a awa. Zan riƙa ce masa ƙwallo don bakinmu ya fi sabawa da haka. Turmi uku ake yi, kamar dambe, kowane minti 20. Saboda tsananin gudu, ɗan wasa ba ya wuce kamar daƙiƙa 45 a fili sai ya koma benci wani ya shigo. Wanda ya yi laifi a kai shi akurki na minti biyu, 'yan'uwansa su ci gaba da mutum ɗaya a rage. A zagayen fitar da gwani ƙungiya 16 ke shiga, kowace biyu su yi ta karawa har ɗaya ta ci wasa huɗu. Kofin Stanley sai wanda ya tsallake zagaye huɗu, wato nasara 16 cikin wata biyu.

Masu cewa gumi ne suna da abin nunawa, kuma ba kaɗan ba. Kafin wasan farkon, kocin Columbus, John Tortorella, mutum mai zafin baki wanda shi ne ya ciyo wa Tampa ɗin kofinta na farko a 2004, ya tsaya a ɗakin sauya kaya ya ce wa yaransa su manta da batun gwaninta da zane-zanen dabara, magana ce ta zuciya da ƙin ja da baya. An nuna shi a talabijin. Abin da ya biyo baya kuma ya yi kama da fassarar maganarsa. Tampa ta saba ta ɗauki ƙwallo daga bayanta ta ratsa tsakiyar fili da gajerun miƙe-miƙe masu sauri. Columbus ta tura mutum ɗaya ya matsa wa mai riƙe da ƙwallo, huɗu suka toshe tsakiya, biyu gaba biyu baya. Duk wanda ya taɓa ƙwallo sai an haɗa shi da bango. Nikita Kucherov, ɗan Rasha da ya tara maki 128 shi kaɗai a kakar, ya gaji da bangaza har ya fusata a wasa na biyu, ya tura Markus Nutivaara cikin katanga yana durƙushe, aka dakatar da shi wasa na uku. Steven Stamkos da ya ci 45, da Brayden Point da ya ci 41, duk suka yi shiru sai a wasan ƙarshe. Ƙungiyar da ta fi kowa zura ƙwallo a shekarar ta tashi da takwas a wasa huɗu, aka zura mata 19.

Hujjar tasu ta fi ƙarfi idan aka duba yanayin wasan kansa. A kaka, yau kana karawa da wannan gobe da wancan, ba wanda ke da lokacin zama ya nazarce ka. A zagayen fitar da gwani mutum ɗaya kake gani kwana bayan kwana, ya san inda kake son tsayawa, ya san haƙarƙarin da ke maka ciwo. Alƙalai kan kau da kai daga ƙananan laifuffukan da da sai sun busa. Fili ya matse. Abin da ya rage shi ne wa zai riga isa ga ƙwallon da ya maƙale a lungu, wa zai tsaya gaban raga ana dukansa da sanda a baya bai gusa ba, wa zai kwanta gaban bugu.

Wannan kwanciya gaban bugu ita ce abin da suka fi alfahari da shi. Ranar 5 ga Yunin 2013, Boston na karawa da Pittsburgh, mutum ɗaya na akurki. Evgeni Malkin na Pittsburgh ya ɗaga sanda ya narka bugu, Gregory Campbell na Boston ya zube a gabansa, ƙwallo ya same shi a ƙafa ya karya ƙashi. Ba a tsayar da wasa ba. Campbell ya miƙe da ƙyar, yana dogara sanda, yana jan ƙafa, ya ci gaba da tare hanya kusan minti guda har aka fitar da ƙwallo daga yankinsu, sannan ya lallaɓa benci jama'a na kiran sunansa. Boston ta share Pittsburgh wasa huɗu a jere. Sidney Crosby da Malkin, biyu daga cikin gwanayen zamaninsu, ba wanda ya samu maki ko ɗaya. A zagayen ƙarshe na shekarar Patrice Bergeron na Boston ya buga da karyayyen haƙarƙari da gocewar kafaɗa, aka wuce da shi asibiti da hudajjen huhu.

Akwai ma shaida daga bakin gwanin gwanaye. Wayne Gretzky ya sha ba da labarin 1983, lokacin da New York Islanders ta share ƙungiyarsa ta Edmonton a zagayen ƙarshe. Ya ce yana fargabar wucewa ta ƙofar ɗakinsu don kada ya ga shagali, sai ya hango mutane a zube, ƙanƙara a gwiwa da kafaɗa, kowa a jigace, alhali su da aka ci jikinsu garau. A nan, in ji shi, ya gane farashin kofin. Shekarar da ta biyo baya Edmonton ta doke Islanders ɗin. Masu wannan ra'ayi sukan rufe da cewa kowa ya ci zomo ya ci gudu, su gyara zama.

To, amma ɗaya ɓangaren ba su zo hannu rabbana ba, kuma ni in na zauna na saurare su sai in ga sun fi duba abin da idon basira.

Tambayarsu ta farko: wa ya ce Columbus ba gwanaye? An yi ta ba da labarin kamar leburori ne suka kayar da injiniyoyi. A ragar Columbus akwai Sergei Bobrovsky, wanda sau biyu yana karɓar kyautar mai tsaron raga mafi ƙwarewa, 2013 da 2017. Akwai Artemi Panarin mai maki 87. Akwai Cam Atkinson da ya ci 41, daidai da Point da Kucherov. Ana dab da rufe kasuwar musaya suka ɗauko Matt Duchene daga Ottawa, shi kuwa ya tara maki bakwai a wasa huɗun nan. A koma daren farko a duba yadda aka farke. A farkon turmi na biyu, ci uku da nema, Kucherov ya samu ƙwallo a bakin raga, Bobrovsky ya miƙe ya tare. Da ta shiga, da huɗu ke nan, da wataƙila babu wannan muhawara. Nick Foligno ya tsere shi kaɗai ya ci ɗaya. A turmi na uku David Savard, ɗan baya wanda sana'arsa tare bugu da jiki, ya tari ƙwallo, ya yi wa Victor Hedman na Tampa wata yanka ya wuce shi kamar turke, ya ɗaga ta sama cikin raga. Hedman ɗin nan shi aka zaɓa ɗan baya mafi ƙwarewa a 2018. Josh Anderson ya farke suna da mutum a akurki, Seth Jones ya ci ta huɗu saura kamar minti shida. Cikin waɗannan wanne ne gumi zalla? Mutum zai iya zubar da gumi bokiti guda bai yi wa Hedman wannan yankar ba.

Tambaya ta biyu ta fi ciwo: in aka ce Columbus ta fi so, ana nufin Tampa ba ta so ke nan? Mutanen da suka shafe wata shida suna tafiye-tafiye da karaya da ɗinki don su iso wannan mako, a ce ranar suka ga dama suka yi lalaci? Wannan zargi ne mai arha. Duk wanda ya kai NHL ya riga ya wuce dubban yaran da suka fi shi baiwa amma suka kasa jure wahala, don haka a wannan mataki kowa mai gumi ne. Abin da ya bambanta su a makon ana iya ƙirga shi da yatsa. Hedman ya shigo da rauni, bai ma buga wasa biyu na ƙarshe ba. Kucherov ya rasa ɗaya. Columbus ta samu damar buga wa Tampa da rinjayen mutum sau goma ta ci biyar, abin da ba ƙungiyar da ke iya ɗorewa a kai tsawon kaka. Ko 7 da 3 ɗin ƙarshe yaudara ce: wasan na 4 da 3 har kusa da tashi, sai da Tampa ta cire mai tsaron ragarta don ƙara mai kai hari aka jefa uku cikin ragar da ba kowa.

Sai batun mai tsaron raga, wanda a ganina shi ne ramin da labarin zuciya ke yawan faɗawa. A 2010 Washington ta Alexander Ovechkin ta gama kaka a saman teburi da maki 121, tana gaban Montreal mai maki 88 da wasa uku da ɗaya. Montreal ta ci uku a jere ta fitar da ita. Aka yi ta yabon jarumtaka. A wasa ukun nan Washington ta auna raga sau 134, Jaroslav Halak ya tare 131. Wa ya fi gumi a nan, mai kai hari 134 ko mai jiran sa'a a bayan mutum ɗaya? Haka Boston ta 2013: ana tuna ƙafar Campbell, ana manta Tuukka Rask, wanda ƙwallo biyu kacal suka wuce shi a wasa huɗu. Tsaron raga gwaninta ce tsantsa, ido ne da karanta sanda da sanin kusurwa. Sai dai mutum ɗaya in ya yi zafi na mako biyu yana iya rufe aibin mutum goma sha takwas, mu kuma mu kira abin da suna mai daɗi.

Akwai kuma abin da ba wanda ke son ambata saboda ba ya sayar da jarida: sa'a. Wasa ne mai ƙarancin ci, ƙwallo na iya dukan takalmin wani ya karkace ya shige. A wasa 82 irin wannan kan daidaita kansa, mai kyau ya fito sama. A wasa huɗu zuwa bakwai ba ya samun lokacin daidaituwa. Shi ya sa Boston ta 2023, wadda ta karya tarihin Tampa da nasara 65 da maki 135, ita ma ta faɗi a zagayen farko a hannun Florida. (A ragar Florida a wasannin ƙarshe, Bobrovsky ne dai. Mutumin nan ya zama ƙadangaren bakin tulu ga masu kafa tarihi.) Zafin nema ba ya kawo samu, haka iya wasa ba ya hana ƙwallo karkacewa.

Har nan ana iya cewa an yi kunnen doki. Abin da ya raba mini gardamar shi ne shekarar da ta biyo baya, domin da wuya a samu gwaji mai tsabta kamarsa a wasanni.

Columbus ta faɗi a zagaye na biyu a hannun Boston. A Yulin 2019 Panarin ya tafi New York Rangers, Bobrovsky ya tafi Florida, Duchene ya tafi Nashville. Tortorella na nan, Foligno na nan, Savard da Jones na nan, tsarin na nan, zuciyar na nan. Gwanayen ne suka watse. Tampa kuwa ba ta kori kocinta Jon Cooper ba, ba ta sayar da taurarinta ba, duk da masu ihun a yi hakan. Ta ɗauko Pat Maroon, ƙaton da ya ci kofi da St. Louis a 2019. A Fabrairun 2020 ta ba da damarta ta zagayen farko a zaɓen matasa har biyu, ta karɓo Blake Coleman daga New Jersey da Barclay Goodrow daga San Jose, mutanen da ba a san su da tara maki ba, an san su da shiga lungu da hana abokin gaba sakat. Nan dole masu gwaninta su sunkuyar da kai kaɗan: Tampa da kanta ta amsa cewa akwai abin da ta rasa. Ba wanda ke biyan wannan farashi don maganin rashin sa'a.

Sai ga su sun sake haɗuwa a zagayen farko, Agustan 2020, a Toronto, ba ɗan kallo ko ɗaya saboda annobar korona. Wasan farko, ranar 11 ga wata, an tashi biyu da biyu. A wannan mataki ba bugun raba gardama, turmi ake ƙarawa har wani ya ci. Aka ƙara ɗaya, biyu, uku, huɗu. Wasan da ya kamata ya biyo bayansu a filin sai da aka ɗage shi zuwa washegari. Joonas Korpisalo, wanda ya gaji Bobrovsky, ya tare bugu 85, abin da ba a taɓa rubuta wa wani ba. Seth Jones ya shafe minti 65 a kan ƙanƙara, a wasan da minti 25 ma aiki ne. In gumi ne ke cin wasa, ba a taɓa zubar da wanda ya fi wannan ba. A turmin ƙari na biyar, bayan minti 150 da 'yan daƙiƙoƙi, ƙwallo ya faɗo wa Brayden Point nesa kaɗan da raga, ya juya ya saka shi sama inda hannun Korpisalo bai kai ba. Tampa ta ci zagayen huɗu da ɗaya, duk nasarorinta da tazarar ƙwallo ɗaya, kuma Point ɗin ne ya sake cin ta ƙarshe a ƙarin lokaci. Columbus ta riƙe su kamar yadda ta riƙe su a 2019. Abin da babu a hannunta shi ne mutumin da zai yi abin da Point ya yi.

Tampa ta wuce ta ɗauki kofin a 2020 a kan Dallas, ta sake ɗauka a 2021 a kan Montreal. Gaskiya ne sababbin sun yi aiki. Coleman ya ci wata ƙwallo yana shawagi a iska da hannu ɗaya saura daƙiƙa guda a tashi turmi, Goodrow ya jefa jikinsa gaban bugun Shea Weber na Montreal a wasan ƙarshe, Alex Killorn ya karya ƙafa wajen tare bugu. Amma wanda ya fi kowa maki a duka shekarun biyu Kucherov ne, 34 da 32. Kyautar gwarzon zagayen Hedman ya karɓa a 2020, mai tsaron raga Andrei Vasilevskiy a 2021. Mutanen da aka ce ba su da zuciya a 2019 su ne dai. A duba sauran masu ɗaukar kofin a wannan zamani: Chicago da Patrick Kane da Jonathan Toews sau uku, Pittsburgh da Crosby da Malkin sau uku, Washington da Ovechkin, Colorado da Nathan MacKinnon da Cale Makar. Ko labarin Gretzky, in an lura, darasi ne da mai maki 196 a kaka ya koya cikin shekara ɗaya. Da wani ne mara baiwa ya leƙa ɗakin Islanders, da ya koma gida da tausayi kawai.

Ban ce gwaninta ita kaɗai ta isa ba. Connor McDavid na Edmonton ya tara maki 42 a zagayen 2024, har aka ba shi kyautar gwarzo, amma kofin Florida ta tafi da shi. Abin da nake cewa shi ne a auna su da kuɗin kasuwa. Tampa ta ga tana da ƙarancin masu aikin lungu, ta fita ta sayo su cikin mako biyu. Columbus ta rasa gwanaye uku a wata guda, kuma daga 2021 zuwa 2025 ba ta sake leƙa zagayen fitar da gwani ba. Gumi yana iya ba ka mako guda da jikokinka za su ji labarinsa, kuma mutanen Columbus sun cancanci nasu. Nasara 16 cikin wata biyu kuwa sai gwani, muddin ya yarda ya shiga lungu a mangare shi. Ni a nan na tsaya, kuma in za a raba kaso zan ba gwaninta biyu, in ba gumi ɗaya.

Wanda bai gamsu ba ya nemi wasan 7 ga Yulin 2021 ya kalla, daren da Tampa ta ɗauki kofi na biyu a jere da ci ɗaya mai ban haushi. Ross Colton ne ya taɓa ƙwallon ya shiga. Wanda ya miƙo masa shi daga gefen dama, ta tsakanin ƙafafun mutane, David Savard ne, wanda ya yanke Hedman shekara biyu kafin nan. Tampa ta sayo shi daga Columbus wata uku kafin ranar.